Boksin da Baba Ya Binne Cikin Kara

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Surukina, mahaifin matata, wanda na shekara ashirin da 'yan kai ina kira Baba, ya rasu ranar wata Talata bayan la'asar, a gidan ƙanensa da ke wani ƙauyen Hausawa kusa da Rusairis. Ba nan ne garinsa ba. Garinmu yana can Jazira, kusa da Hajj Abdalla, yaƙi ne ya koro mu. Shi ya sa da muka kafa rumfar makoki na ɗauka daga dangi sai maƙwabta ne za su zauna da mu. Kafin azahar ta washegari sai da muka aro tabarmi daga masallaci.

Yawancin waɗanda suka zo direbobi ne. Suka jera boksinsu a bakin hanya, motocin nan masu buɗaɗɗen baya da muke ɗaukar mutane da buhuna a ciki. Kowa ya iso sai ya ɗaga hannu a yi Fatiha, ya zauna, a miƙa masa shayi. Kafin ya shanye ya fara ba da labarin motarsa. Usɗa suke ce wa Baba, wato gwanin sana'a. Wani daga Damazin ya ce, "Usɗa ya tafi. Yanzu mun koma hannun masu cewa canza wannan, canza wancan." Wani tsoho mai ɗaukar fasinja zuwa Rusairis ya ce sau uku Baba yana zaginsa a gaban jama'a, kuma duk ukun shi ne da laifi. Da ya faɗi haka sai ya rufe fuska da rawaninsa. Da rana ta yi sanyi Baffa, ƙanen marigayin, ya ce, "Tun muna yara kullum sai ya riga ni." A cikin gida kuwa, matata ta ce Inna, uwarta, ba ta ɗaga murya ba. Abu ɗaya ta nema, kada kowa ya share ƙarƙashin bishiyar da yake aiki sai bayan kwana uku.

'Ya'yana sun fi jin Larabci a kan Hausa. Duk da haka da Hausa zan rubuta wannan, don da ita ya yi mana faɗa, da ita kuma ya yi mana addu'a.

Baba manomi ne, yana da hawasha, gonar ban ruwa da ya gada. Amma abin da aka san shi da shi kahrabar mota ne, aikin wayoyi da batir da fitilu. Kayan aikinsa ba su cika ɗan akwatin ƙarfe ba: wuƙa, filaya, sukudireba biyu, da kwan fitila guda da ya ɗaura wa waya biyu. Da wannan kwan yake gano inda wuta take da inda babu. Idan aka kawo masa mota ba ya saurin taɓa ta. Sai ya sha jabanarsa, kofi mai citta, ya naɗe hannun jallabiya, ya sa kansa ta taga ya shinshina. Daga nan ya dubi mai motar ya yi tambayar da duk direban yankinmu ya haddace:

"Wa yat taɓa ta ƙarshe?"

Idan mutum ya ce babu wanda ya taɓa, sai ya ce, "To, aljani ne ke nan. Kai ta wajen malam."

Yakan ce kahraba kamar ruwan tur'a take, magudanar da ke kai ruwa gonakinmu. Tana da inda take fitowa, da inda take zuwa, da inda take komawa. "In gonarka ba ta sha ba, ba ka sayen sabuwar gona. Tur'a kake bi da ƙafa har ka iske inda ta fashe." Ba ya aiki rediyo na kunne. Ba ya kuma yarda a tsaya masa a ka ana ba shi shawara. Ko ka zauna ka yi shiru, ko ka tafi kasuwa ka dawo.

Yana da boksi ɗaya, fara, ta girmi babbar 'yata nesa ba kusa ba. Da na auri 'yarsa sai ya miƙa mini makullinta, na zama direbanta. Ranar kasuwa in kai albasa da tumatir Hajj Abdalla, sauran ranaku in ɗauki mutane. Tsakanina da shi akwai kunyar surukuta kamar yadda muka taso muka iske. Ba na cin abinci a gabansa, ba na haɗa ido da shi, gaisuwa a durƙushe. Idan yana da magana mai nauyi, ta bakin 'yarsa take iso ni.

Sau ɗaya muka yi faɗa, kuma ni na jawo. Wata ranar kasuwa fiyuz ɗin fitilu ya ƙone, na sa wani, ya sake ƙonewa, na sa na uku, shi ma haka. Na gaji, na tsinci ɗan ƙusa a ƙasa na cusa a gurbinsa. Komai ya kama, na ji daɗin dabarata. A hanyar dawowa hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin sitiyari, da ƙyar na fizge kan batir. Tarakta ce ta jawo mu gida.

Baba ya fito, ya shinshina, ya sa hannu ya zaro ƙusan. Bai dube ni ba. Ya kira 'yarsa, ina tsaye ina ji, ya ce, "Ki hwaɗa ma mijinki, fiyuz bawan Allah ne da yay yarda shi mutu don gida shi tsira. Shi ya hana shi mutuwa, shi ya sa gida yaƙ ƙone."

Da na yi shiru da magana ta wuce. Amma ƙuruciya na kaina. Na ce wa matata ta faɗa wa babanta motar ta tsufa, wayoyinta sun ruɓe, a sayar a huta. Baffa ma da ya ji labari ya goyi bayana. Baba ya aiko aka karɓi makulli. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana warware wayoyin da suka narke, ɗaya bayan ɗaya, bai nemi hannuna ba. Da ya gama ya ci gaba da tuƙa abinsa da kansa, ni kuwa na koma hawasha na yi daminar nan kaf da fartanya. Bayan an yanke dawa, wata rana na fito daga sallar azahar na iske makullin a cikin takalmina, an ɗaure ƙusan nan a jikinsa da zare. Daga ranar bai sake tayar da maganar ba.

Akwai wani mutum da ya buɗe wurin gyaran kahraba a kasuwar Hajj Abdalla, Bahaushe ne daga ƙauyen gaba da mu. Ya yi ta yawo da baki cewa Baba ya tsufa, aikinsa na zamanin da ne. Wata rana aka kawo masa tarakta, ya wuni a kanta bai gano komai ba, mai ita Balarabe ne, yana tsaye yana huci. Baba ya zo wucewa, ya tsuguna kusa da mai gyaran kamar mai gaisuwa. Ya tambayi lafiyar iyali da Larabci, sannan ya juya harshe zuwa Hausa, murya ƙasa, ya ce, "Bar nan. Duba wayar da ta ratsa bayan tankin mai." Ya miƙe ya yi sallama ya wuce. Mai taraktar bai san abin da ya faru ba, ya tafi yana yabon mai gyara. Ban ji wannan daga bakin Baba ba. Mutumin ne da kansa ya ba ni labari, bayan shekaru.

Da yaƙi ya iso Jazira, abin da masu bindiga suka fara nema shi ne motoci. Da labari ya zo cewa sun shiga ƙauyukan arewa da mu, Baba ya buɗe murfin injin boksinsa ya cire wani ɗan abu da bai kai babban yatsa ba. Shakush muke ce masa, wato guduma da Larabci, don siffarsa kamar 'yar guduma. Shi ke juyawa yana raba wa fulogai wuta, in babu shi inji zai yi ta juyi ba zai tashi ba. Ya jefa shi a akwatinsa. Jarkar fetur biyu kuma ya binne su a turken awaki.

Sun zo da hantsi, su biyar. Suka karɓi makulli a hannuna, suka yi ta murzawa, boksi ta ƙi. Babbansu ya tambayi Baba, shi kuwa ya ce da Larabci, "Ta girme ka, ɗana. Ran da ta ga dama take tashi." Suka tura ta har bakin tur'a, ta ƙi. Haushi ya sa ɗayansu ya sa hannu ƙarƙashin sitiyari ya fizgo duk wayar da ya kama, wani ya cire batir, suka shiga ɗakuna suka kwashi abin da suka kwasa, suka tafi. Muka turo ta bayan gida. Baba ya sa muka lulluɓe ta da karan dawa, dami a kan dami, har ta koma kamar tarin abincin dabbobi. Wata biyar tana nan.

Abin da ya tashe mu ciwon Inna ne. Tana da ciwon sukari, maganinta ya ƙare, asibitin da take karɓa ya rufe. Ƙafarta ta kumbura, wani ɗan rauni a yatsa ya ƙi warkewa ya fara baƙi. Mutane suna barin gari a ƙasa da kuma a karo, keken jaki, amma Inna ko bakin ƙofa ba ta iya zuwa. Sai aka ce masu bindigar sun janye arewa, babu wanda ya san ko na kwana nawa ne. Baffa, wanda tuni ya koma Rusairis, ya aiko cewa asibitin Damazin yana aiki.

Da safe Baba ya ce wa 'yarsa, "Kira min mijinki." Da na zo ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Kwashe karan."

Da muka ɗaga murfin inji ɓeraye suka watse. Sun yi sheƙa a kan injin, sun ci rigar wayoyi, ga kuma ɓarnar da aka yi a ƙarƙashin sitiyari, wayoyi na reto kamar saiwar da aka tumɓuke. Na ce, "Baba, ko mu nemi karo?"

Ya ce, "Karo kwana nawa zuwa Damazin? Ƙafarta ba ta da kwanakin nan. Kawo jabana."

Batir kuwa limamin masallacinmu ne ya ba mu, na hasken rana da ake kunna lasifikar masallaci da shi. Baba ya ce ƙarfinsa ba zai juya injin ya wuce sau uku ko huɗu ba, don haka ba za mu taɓa makulli ba sai mun tabbata. Ya fara da wayoyin da aka fizge. Bai da takarda, launinsu da kaurinsu da inda kowace ta nufa duk suna kansa, tun aikin da ƙusana ya jawo masa. Idonsa ya yi rauni a lokacin, sai ya riƙa cewa, "Wagga ja ce ko ruwan ƙasa?" In faɗa masa, ya kankare, ya murɗa, ya naɗe da robar tsohon tib na keke da muka yayyanka.

Da ya gama bai ɗaura batir kai tsaye ba. Ya sa kwan fitilarsa tsakanin kan batir da wayarsa. Komai na motar a kashe yake, amma kwan ya kama da haske sosai.

Ya ce, "Ka gani? Tur'a ta fashe. Da mun ɗaura haka, da batirin liman ya tafi, mota ta bi shi."

Ya sa na riƙa zare fiyuz ɗaya bayan ɗaya, shi yana kallon kwan. Idan ya mutu a kan wani fiyuz, to a layinsa ɓarnar take. Na zare na farko, na biyu, har na ƙarshe. Kwan na nan da haskensa. Na dube shi. Ya ce, "Madalla. Ta hwaɗa muna inda ba ta. Ke nan ɓarnar tana gaba da fiyuz, a babbar wayar da ke zuwa dinamo." Dinamo shi ne mai cika batir idan inji na aiki. Ya kwanta a ƙasa, tsoho mai shekara saba'in da wani abu, ya rufe ido, ya kama wayar da yatsu yana bi a hankali. Ya daɗe. Can ya ce, "Jijjiga nan." Na jijjiga, kwan ya yi ƙyafta-ƙyafta. A wani lungu bayan injin, inda ido ba ya kai, ɓera ya cinye rigar wayar, jan ƙarfen ya kwanta a jikin mota. Ya raba su, kwan ya mutu.

Rana ta take. Matata ta kawo kisra, siririyar wainar dawa, da miya, ta tsaya da tire a hannu tana neman inda za ta aje nawa daban. Baba ya ce, "Aje nan. Yau babu suruki, hannu huɗu ne kawai." Muka ci a tire ɗaya da baƙin mai a farce. Baba yana ci yana bayanin abin da ya rage.

Bayan azahar ya gano wayar komawa, wadda ke haɗa batir da jikin mota, ta tsinke ta ciki. Muka ciro wata daga injin ban ruwa da ya mutu muka maye gurbinta. Muka tono fetur. Saura abu ɗaya. Ya jawo akwatinsa ya buɗe. Ya juya kayan ciki, ya zazzage su a ƙasa, ya bi su ɗaya-ɗaya. Babu shakush.

Ya duba aljihu, ya duba ƙarƙashin tabarma, ya shiga ɗaki ya fito. Ya zauna a kan dutse ya ce, "Ni da hannuna na kashe ta." Babu inda za a samu wani, kasuwar Hajj Abdalla ta watse tun tuni. Sai ya ɗago kai, ya juya wajen rakuba, rumfar da Inna ke kwance a kan angarib, gadonta na igiya, ya ce, "Wa yat taɓa akwatina ƙarshe?"

Inna ta ce, "Sai yanzu kat tuna da tambayarka?" Ta sa 'yarta ta ɗauko mata gwangwanin turaren wuta. Ta tona da yatsa ta fito da shi. "Ran da sunka zo na ga suna buɗe akwatuna. Na ce babu namijin da zai sa hannu cikin turaren tsohuwa."

Ya karɓa, ya busa, ya goge da bakin riga. Ya ce, "Wata biyar ba ki hwaɗa min ba."

Ta ce, "Wata biyar ba ka tambaye ni ba."

Ya mayar da shakush gurbinsa. Murzawar farko inji ya juya ya yi tari ya tsaya. Baba ya ɗiga fetur kaɗan a bakin kafireto, inda fetur ke shiga inji, ya ce in dakata. Na dakata. Ya ce, "Bismillah, yanzu." A ta biyu ta tashi, da hayaƙi da ƙamshin turare. Bai yi murmushi ba ma. Ya sa kunne ya saurara, ya duba ko dinamo na cikawa, sannan ya ce a fara ɗaure kaya.

Da gari ya waye muka ɗora Inna da angarib ɗinta a baya, da matata da yara, da liman da iyalinsa, da wata maƙwabciya mai tsohon ciki. Baba ya zauna kusa da ni. Ya hana ni hawa kwalta, muka bi gefen tur'o'i da hanyoyin gona da ya sani tun yana saurayi. Kwana biyu muka yi. Sau ɗaya ta mutu mana, wani ɗauri ne ya kwance, kafin mata su gama saukowa ya gyara. A Damazin likita ya cire yatsa ɗaya. Ya ce da mun ƙara kwana uku da ƙafar ce gaba ɗaya, ko abin da ya fi haka.

A Rusairis bai zauna haka kawai ba. Sati bai cika ba ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gidan Baffa. Motocin da suka tsero irin tamu suna da yawa, kowace da ɓarnarta, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Shi da Baffa suka koma musunsu na da. Baffa ya ce ai da an sayar da boksin tun lokacin da ya faɗa da yanzu an sayi sabuwa. Baba ya ce da sabuwa ce da tuni tana hannun wasu.

Ciwon ƙirji ya kwantar da shi kwana tara. Ranar da zai rasu, da safe, wani direba baƙo ya zo da boksi. Ya ce batirinsa kullum yana wayar gari babu wuta, ya canza batir, bai daina ba. Na ce masa Usɗa ba shi da lafiya. Baba ya ji daga ciki ya ce a shigo da shi. Yana kwance ya yi masa tambayoyi, ya sa aka ɗaga labule ya hango motar. Ya ce, "Abu biyu ne. Fara wanke kawunan batir da duk inda waya ta haɗu da ƙarfe, ka ɗaure tamau. In bai yi ba, cire wayar dinamo ka kwana, ka gani da safe." Mutumin ya yi godiya ya tafi. Bayan la'asar Baba ya cika, kalmar shahada a bakinsa, kansa a cinyar Baffa.

Ranar addu'ar uku, an fara naɗe tabarmi, sai ga direban nan da ƙullin kofi da sukari a hannu. Bai ji labari ba. Da ya ga rumfa ya tsaya cak, ya aje ƙullin, ya ɗaga hannu muka yi Fatiha. Ya nemi ya gaida Inna, na raka shi bakin ƙofa. Ya ce, "Hajiya, na zo in faɗa masa ne. Na wanke komai kamar yadda ya ce, bai yi ba. Na biyun ne, dinamo ke shanye wutar."

Inna ta ce daga bayan labule, "Ya sani. Kana fita yac ce min, wancan dinamonsa ne. Na ce to mi ya sa ka sa shi wanke-wanke? Yac ce, daga nan na hango ƙazantar motarsa, in ban sa shi yanzu ba har abada ba zai wanke ba."

Mutumin ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya tambayi inda kabarin yake, na shiga gaba ya biyo ni.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Ya ba Inna haƙuri da lafiya, ya mai da mu garinmu cikin aminci. Mu da muka rage, Allah ya sa mu iya rabin abin da ya iya, mu kuma cika da imani. Amin.